Da Wane Laifi Aka Kashe Ta?

Kowace shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, sai a ga matan gwamnoni da ƙungiyoyi sun sa tufafi ruwan lemo, an yi tattaki, an yi jawabai a manyan otal, a ce kwanaki 16 ne na yaƙi da cin zarafin mata. Da yawa a cikinmu kallon bikin 'yan boko muke yi wa abin. Alhali asalin ranar makoki ne. A ranar 25 ga Nuwamba 1960 aka kashe wasu mata uku 'yan gida ɗaya, Patria da Minerva da Maria Teresa Mirabal, a Jamhuriyar Dominikan, suna kan hanyar dawowa daga kurkuku inda suka je duba mazajen biyu daga cikinsu. Yaran mai mulkin kama-karya Rafael Trujillo ne suka tare su, suka kashe su tare da direbansu, sannan suka mayar da gawarwakin cikin mota suka tura ta kwazazzabo don a ce haɗari ne. Matan Latin Amurka suka ƙi yarda a ce haɗari ne. A taronsu na Bogota a 1981 suka ware ranar don tunawa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ita a 1999.

Wannan dabara ta "a ce haɗari ne" ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu cewa muke ta zame a banɗaki, ko hawan jini ne, ko kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, babu musulmin da zai yi jayayya da ajali. Amma yarda da ajali bai taɓa hana a tuhumi wanda ya kashe rai ba, in ba haka ba da babu ƙisasi a shari'a. A Suratut Takwir Allah ya ba da labarin ranar da za a tambayi jaririyar da aka binne da rai: da wane laifi aka kashe ta? Ita da iyayenta suka so a shafe labarinta, ita aka ce za a tsayar a yi wa tambaya a gaban halitta. Wanda ya yi imani da wannan ayar ba ya buƙatar wata ƙungiya daga waje ta koya masa cewa jinin mace ba ya tafiya a banza.

A Kano babu wanda ya manta da Ummita, wadda wani ɗan ƙasar Sin da ke neman aurenta ya bi har gidan iyayenta a watan Satumba 2022 ya caccaka mata wuƙa. A watan Maris 2024 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan lamari shi ne kwanakin farko, tun ba a gama zaman makoki ba, yadda aka cika Facebook da majalisu da maganar "ai ta ci kuɗinsa". Mutanen da ba su taɓa ganinta ba suka zauna suna lissafin abin da aka kashe mata, kamar akwai adadin kuɗin da in namiji ya kashe ya sayi ran mace. Wanda yake ganin an cuce shi a kuɗi, kotu na nan, a ƙasar Hausa kullum ana ƙarar kayan toshi da na lefe kuma ana biya. Duk da haka harshenmu ya fi saurin zuwa kan mamaciyar. Irin tambayoyin nan dai ake maimaitawa duk lokacin da aka yi wa yarinya fyaɗe: me ya kai ta, me ta sa, ina uwarta take?

A Kudu ma an gani. A 2020 aka yi wa Uwaila Omozuwa, ɗalibar Jami'ar Benin, fyaɗe da duka a cikin cocin da take zuwa karatu, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yunin shekarar. A Afrilu 2022 mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja. Da farko cewa aka yi ciwon daji ne a maƙogwaro. Sai da 'yan'uwa da abokan aikinta suka buɗe baki aka ji irin azabar da ta shekara tana sha a gidan aure, kuma a Afrilu 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Mutane da yawa sun san halin da take ciki tun tana raye. Bayan ta mutu suka faɗa.

Waɗannan su ne waɗanda mutuwarsu ta yi ƙara. Ƙididdigar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar ta nuna a shekarar 2023 kaɗai mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun miji ko saurayi ko wani ɗan'uwa, wato kusan 140 kowace rana, kuma Afirka ce ke da kaso mafi yawa, kimanin 21,700. A Najeriya, babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kashi 9 an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. A wannan binciken Arewa maso Yamma ce ke da adadi mafi ƙanƙanta, kuma na sha jin ana kafa hujja da hakan a ce matsalar ta 'yan Kudu ce. Sai dai binciken abin da mace ta yarda ta faɗa wa baƙuwa mai riƙe da takarda yake ƙirgawa. Macen da tun ranar da za a kai ta ɗaki aka yi mata huɗubar kada a ji kanta da mijinta, da wuya ta zauna ta zayyana wa wadda ba ta sani ba. Alƙalan kotunan musulunci sun fi kowa sanin gaskiyar. A wani taro a Kano a Disamba 2024, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ce binciken da aka yi a kotunan shari'a tara na jihar, na tsawon shekara biyar, ya nuna kusan kashi 45 na ƙararrakin sun shafi dukan mata da rikicin cikin gida.

Abin da nake so mu duba da kyau shi ne hanyar da ke tsakanin marin farko da makara. Kisan mace a gidan aure ba kasafai yake faɗowa rana ɗaya ba. Kafin a kai nan, yawanci ta ƙwanƙwasa ƙofofi da dama, kowace kuma ta mayar da ita inda ta fito.

Ƙofar farko gidan ubanta ne. Ta yi yaji, ta zo da kumburarren ido da goyo a baya. Uwa ta yi kuka, uba ya yi shiru, da yamma miji ya turo abokinsa ko kawunsa biko. A ce mata: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, aure ibada ne, ko harshe da haƙori ana saɓawa." Wani uban ma ba ya bari ta kwana, da kansa zai sa ƙaninta ya mayar da ita kafin maƙwabta su ji. Ba na cewa iyayen nan ba sa son 'yarsu. Uban da ke da 'ya'ya goma a ɗaki biyu, ga tsadar abinci, yana ganin dawowarta da yara uku a matsayin nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Ga tsoron a ce 'ya'yan gidan wane ba sa zaman aure, ƙannenta su rasa manema. Ita ma ta san matsayin bazawara a unguwa. Talauci da kunya suke haɗuwa su yanke hukuncin, sai a lulluɓe shi da sunan addini. Mijin kuwa darasi ɗaya ya koya daga wannan biko: ya daka, an dawo masa da ita, ba a ce masa komai ba.

Akwai kuma barazanar da ta fi duka ɗaure mata: "In kin fita, ki bar min 'ya'yana." Mata nawa ne ke zaman 'ya'ya a gidan da ake karya musu haƙarƙari saboda wannan magana ɗaya? A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin renon yaro namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, kuma ciyar da su yana wuyan uba. Ko uwar ta yi wani auren, kakarsu ta wajen uwa ce ke gaba. Haka kuma mazhabar ta ba alƙali ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, ba tare da matar ta biya ko kwabo ba. Amma a aikace sau da yawa sai a karkatar da ita zuwa hul'i, a ce ta mayar da sadaki ta fanshi kanta daga wanda ya fasa mata baki. Mafi yawan matanmu ba su taɓa jin an karanta waɗannan hukunce-hukunce a wa'azi ba. Abin da suke ji kullum shi ne biyayya, da tsinuwar mala'iku ga wadda ta juya wa miji baya. Ba a cika tsayawa kan ayar Suratul Baƙara da ta hana riƙe mace don a cutar da ita ba, ko shaidar Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Sama da shekara ɗari biyu da suka wuce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, suna ɗaukarsu tamkar kayan aikin gida da ake mora har su fashe a jefar a juji. Macen da ba ta san haƙƙinta ba, ba za ta iya nemansa a gaban alƙali ba.

Daga gida sai mai unguwa, ko limami, ko ofishin Hisba a jihohin da ke da ita. Sulhu abu ne mai kyau, ya ceci aure da yawa, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce a tsayar da mai sasantawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Hikimar ita ce matar ta sami mai tsaya mata. A wurinmu wakilin nata kan koma mai roƙonta a madadin miji. Kuma ana haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba: saɓani kan cefane ko rabon kwana, da laifi irin na shaƙe wuya ko zaro wuƙa. Na farko na sulhu ne. Na biyu gargaɗi ne. Masu binciken kisan mata a ƙasashe daban-daban sun daɗe da gano cewa namijin da ya taɓa shaƙe matarsa ko ya ce sai ya kashe ta ya fi kusa da aikatawa, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da ta ce ta gama, za ta tafi. Duk mai unguwar da aka kawo wa irin wannan ƙara ya ce su je su daidaita, ya sani cewa wataƙila ganinta na ƙarshe ke nan.

Idan fyaɗe ne, abin ya fi muni, domin agogo na tafiya. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Shaidar da likita zai iya ɗauka a jiki da tufafi tana gushewa da wanka da wanki. Mu kuwa abu na farko da uwa ke yi, cikin ruɗewa da tausayi, shi ne ta dafa ruwan zafi ta gasa yarinyar, ta wanke zanen. Sai a kwana uku ana shawara tsakanin dangi ko a faɗa ko a rufa asiri. Akwai cibiyoyin da aka kafa musamman don wannan, suna duba wadda aka yi wa fyaɗe kyauta, su ba ta magani, su rubuta rahoton da kotu za ta karɓa: Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, Salama a Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Aiki suke yi na gaske. Amma a manyan birane suke, kuma mutumin ƙauye da ke da tafiyar awa uku ba shi da kuɗin mota, sau da yawa bai ma taɓa jin sunansu ba.

Wanda ya daure ya kai ga 'yan sanda, sai ya tarar shi zai sayi fayil, shi zai biya kuɗin man zuwa kama mai laifi. In an kai kotu, a ɗage yau a ɗage gobe, mai laifi ya fito beli ya dawo unguwa yana wucewa ta ƙofar gidan yarinyar. Daga nan manya su fara zarya: "Alhaji, a yi haƙuri a kashe maganar nan, duk ɗaya muke, kada a ɓata wa yarinya suna." Wani lokaci da 'yan kuɗi a ambulan. Uban ya gaji, ya daina zuwa kotu, shari'a ta mutu don babu shaida. Shi kuma wancan ya koma kan 'yar wani.

A nan ne nake da ja da yadda muke murnar tsauraran dokoki. A Satumba 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya sa hannu kan dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe a Kaduna. Jama'a sun yi tafi, kuma na fahimci dalili, zuciya ta ƙuna. Amma mai yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe galibi ba baƙo ba ne. Kawu ne, ko maƙwabci, ko malami, ko mai shagon da ake aikenta. Idan dangi suka san kai ƙara na nufin a kashe ɗan'uwansu, matsin da za a yi wa uwar yarinyar ta yi shiru ninkuwa zai yi. Abin da ke tsorata mai laifi shi ne ya tabbata za a kama shi kuma shari'ar za ta kai ƙarshe. Ɗaurin shekara goma sha biyu da ake zartarwa a kan kowa ya fi hukuncin kisa da ke kwance a takarda.

Dokokin kansu suna karo da juna. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda lauyoyi ke kira Penal Code, ya fara aiki a 1960, kuma sashe na 55 a cikinsa ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan rauni a ma'anar kundin shi ne irin makanta, ko karaya, ko fitar haƙori, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana ashirin. Duk abin da bai kai nan ba, gyara ne. Wasu jihohi sun yi wa nasu kundin kwaskwarima, amma tunanin yana nan daram a teburin ɗan sandan da zai ce "wannan ai maganar gida ce". A Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, wadda ta mai da dukan matar aure laifi, haka korarta daga gida da ƙarfi, da watsar da ita da 'ya'ya babu ci babu sha, da kaciyar mata, da azabtar da wadda mijinta ya mutu. Ta tanadi ɗaurin rai da rai kan fyaɗe, ta ba kotu ikon hana mai duka kusantar wadda yake duka, ta ce a biya diyya, a kuma buɗe rajistar masu laifin fyaɗe, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta ƙaddamar a 2019. Sai dai a tsarin tarayya dokar Abuja kaɗai ta shafa, sai kowace jiha ta karɓa da kanta. Kaduna ta karɓa a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa a 2021. Kano, jiha mafi yawan jama'a a Arewa, har aka shiga 2024 ba ta karɓa ba, ana ta muhawara kan ko wasu sassan sun saɓa wa addini da al'ada. Muhawarar halas ce, kuma jihohin da suka karɓa sun zauna da malamai sun daidaita abin da ke buƙatar daidaitawa. Abin da ba shi da uzuri shi ne a shekara kusan goma ana magana ɗaya.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin fasa shirun sun ɗanɗana kuɗarsu. A farkon 2019 'yan matan Arewa suka fara ba da labarin abin da aka yi musu a Twitter ƙarƙashin ArewaMeToo. Aka ce 'yan kwangilar Turawa ne, aka ce suna tona asirin Arewa. A watan Fabrairun shekarar 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin jagororin, Maryam Awaisu, a Kaduna. Ana iya saɓa musu a salo, amma labaran da suka fito ba daga Turai aka kawo su ba. A gidajenmu da makarantunmu suka faru.

Na san za a ce maza ma ana kashe su, a kawo misalin Maryam Sanda da kotu ta samu da laifin kashe mijinta a 2020. Gaskiya ne, kuma jinin namiji ba ya ƙasa da na mace, dokar VAPP ma ta kare kowa da kowa har da maza. Amma a dubi yawan, a dubi wa ke kwana da tsoron wa. A kuma dubi cewa wasu daga cikin amaren da muke jin sun zuba wa ango guba yara ne da aka yi wa auren dole, kamar 'yar shekara 14 ɗin nan ta Gezawa a jihar Kano da aka tuhuma da zuba guba a abinci a 2014. Da an saurare ta lokacin da ta ce ba ta so, da mutanen da suka ci abincin nan suna raye.

Akwai kuma waɗanda ko a cikin wannan lissafi ba sa shiga. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 na 2014, ta san na Dapchi da na Jangebe. Amma matan ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga ke yi wa fyaɗe a gona ko a daji, su dawo da ciki ko da ciwo, miji ya ƙaurace musu, babu mai rubuta sunansu a ko'ina.

A Kanada, bayan wani ɗan bindiga ya ware mata 14 ya harbe su a wata kwalejin injiniya da ke Montreal ranar 6 ga Disamba 1989, majalisar ƙasar ta mai da ranar ta tunawa a 1991, ana karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya kowace shekara, iyayen mamatan kuma suka bi gwamnati har aka tsaurara dokar mallakar bindiga a 1995. Tunawar tasu ta haifi doka. Tamu har yanzu ba ta haifi ko rajistar matan da aka kashe ba. Mu da muke binne mamaci cikin 'yan awanni, ya kamata a ce duk macen da ta mutu da rauni a jiki, masu wanka sun san wanda za su gaya wa kafin a ɗaura likkafani. Duk sulhun da aka yi a gaban mai unguwa ko Hisba wanda akwai duka a ciki, a rubuta shi da kwanan wata da irin raunin, in aka sake dawowa a miƙa wa alƙali da takardar farko. Kowace babbar asibitin ƙaramar hukuma ta sami ɗaki ɗaya da ma'aikaciyar jinya da aka horar, da maganin awa 72 a ajiye. Jiha ta ɗauki kuɗin bin shari'ar fyaɗe daga wuyan uban yarinya, ta kuma tanadi gidan da mace za ta fake na 'yan makonni idan gidan ubanta ya rufe mata ƙofa. Duk wannan ba zai ci kuɗin gadar sama guda ɗaya ba, kuma a daidai waɗannan kwanaki 16 ne gwamnoni da yawa ke kai kasafin kuɗin shekara mai zuwa gaban majalisun jihohi. Can ya kamata masu tattaki su nufa, su nemi a nuna musu layin da aka rubuta waɗannan abubuwa da adadin da aka ware.